Ɗanyen Kifi Ya Tona Min Asiri a Gaban Oga

'Yan uwa, ku saka ni a addu'a!

Yau da rana Oga ya kai mu cin abinci tare da baƙinmu na Japan. Gidan sushi ne, wato abincinsu na shinkafa da kifi, babu menu, abin da kuku ya ga dama shi zai ba ka. Ni kuma ga ciki wata uku, likita ta hana ni ɗanyen kifi. Babu wanda ya sani a ofis, don satin nan za a fitar da sunayen masu tafiya kwas, ba na so a cire sunana.

Muna zama kukun, wani dattijo ɗan Japan, ya dunƙula shinkafa, ya ɗora kifi jajir a kai, ya ajiye gabana. Ɗanye sharaf! Ƙarni ya buge ni.

Oga ya ce, "Hajiya Rabi, bismillah mana, baƙi ke suke jira."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na ɗauka. Na dafe ciki da ɗaya hannun ban sani ba.

Sai kukun ya miƙo hannu ya karɓe! Ya gasa wani da 'yar wuta, ya turo min, ya rusuna, ya ce da Turanci, "Wannan na mama da jariri ne."

Innalillahi! Baƙi suka hau tafi. Oga bai tafa ba. Ya ajiye tsinkayen cin abincinsa, ya kalle ni ta saman gilashi.

Ya ce, "Allah ya raba lafiya. Gobe ƙarfe takwas ki same ni a ofis."