Waƙar Daka a Ƙarƙashin Fiyano

A shekarun da nake dako a birnin Salvador, can ƙetaren teku, ba da fuska ake gane 'yan dako ba, da waƙa ake gane su. Kowane rukuni yana da kusurwar titin da yake zaman jiran aiki, ana ce mata kanto, kuma kowane kanto da mai ba da waƙarsa. Shi ne a gaba, shi ke zaɓen abin da za a rera da yadda za a jera shi: ta ɗaga kaya, ta miƙe hanya, ta hawan tudu, ta saukewa. Matan da ke saman benaye ba sai sun leƙo ba. Da jin jerin sun san mutanen wane ne ke wucewa.

Mu shida ne a namu kanton, can ƙasa wajen tashar jiragen ruwa. Huɗu Yarabawa, waɗanda a nan ake kira Nago, Banufe ɗaya, sai ni Bahaushe. Da Yarabanci muke faɗa, da shi muke shiryawa. Na bakwai wani dattijo ne Bayarabe, shi ke ba mu waƙa, har ƙirjinsa ya daina ɗaukar tudu da waƙa tare. Ya ce zai zaɓi magaji, amma sai ya ji mutum da kaya a ka.

Mu biyu muka nema, ni da wani Bayarabe mai zaƙin murya, wanda ko gaisuwa ya yi sai mata sun waiwayo. Shi ya fara, ya hau da gangunan sukari lafiya lau. Ni kuwa abin ya tsaya min a rai ƙwarai. Shekara ashirin ina amsa waƙar wasu. Ina so ko sau ɗaya a ce daga saman bene, ga mutanen Bahaushen nan sun taho.

Kwana uku ina jera nawa. Ta farauta don ɗaga kaya, ta noma don miƙe hanya, ta 'yan dambe don tudu, kirari don saukewa. Na maza zalla, don a san jinin da na fito. Gaskiyar magana, ina ɗan shekara goma sha biyu aka rabo ni da gida, aka kawo ni nan bauta. Ban taɓa farauta ba, balle dambe. Guntaye ne na tsinto a ƙwaƙwalwa na ɗinke su, inda ya ɓace na cike da ƙarya.

Ranar tawa fiyano aka sauke daga jirgi, babban akwatin kiɗan nan na Turawa, za a kai wani gida a unguwar Pelourinho, can saman tudu. Fiyano kaya ne mai tsegumi, ƙafar ɗan dako ɗaya ta saɓa sai ya yi gurnani a cikinsa kowa ya ji. Muka naɗa gammo, muka shiga ƙarƙashinsa mu shida, ni a gaba, dattijo yana tafe a gefe da sandarsa.

Ta farauta ta ɗaga mu. Ta noma ta kai mu gindin tudu ba laifi, har na fara jin kaina. Sai na saki ta dambe. Ashe waƙar dambe ta mai tsalle ce, ba ta mai kaya ba. Tana zabura, tana tsayawa, ƙafafu goma sha biyu suka rasa wadda za su bi. Fiyano ya yi gurnani, ya fara zamewa baya. Banufen nan da ke can ƙarshe ya zage ni tas da yarensu. Dattijo ya dube ni.

Waƙar da ta biyo baya ban zaɓe ta ba, wallahi. Bakina ne ya buɗe da kansa: "Gero ka daku, rana ta take, mai gida na inuwa yana jiran fura." Waƙar daka ce ta mata. Taɓarya ta sauka, taɓarya ta tashi, ƙafar dama, ƙafar hagu. Kafin na kai ƙarshen baitin mun daidaita. Suka kama amshi, "daku, daku," da manyan muryoyinsu, ba su san me suke cewa ba. Haka muka cinye tudun, fiyano ya yi shiru.

A saman tudu, kusa da dandalin Praça Municipal, akwai wata tsohuwa Bahaushiya mai tuyar ƙosai. Ita kaɗai ce a titin nan take jin abin da nake faɗa. Ta saki matsami ta riƙe ciki.

"Sannu da aiki, uwar gida," in ji ta. "A kawo miki rariya?"

Ga fiyano a ka, ba damar juyawa. Na ce ta gefen baki, "Inna, ki rufa min asiri."

Da muka sauke kaya, muka dawo wajenta cin ƙosai. Mai zaƙin muryar nan, Allah ya sani ba shi da hassada, ya dafa ni ya ce da Yarabanci, "Ɗan'uwa, wannan ta tudun ta yaƙi ce ko? Na ji ta har a gadon bayana."

Tsohuwa ta sunkuyar da kai tana juya ƙosai, kafaɗunta na rawa. Da na ce ta yaƙi ce, na san ba za ta tona ni ba. In kuwa na faɗi gaskiya, wa zai yarda ƙato mai gemu ya ja shi cikin gari da waƙar mata? Na tauna ƙosai ya fi sau ashirin. Sannan na fassara musu ita, har da mai gidan da ke inuwa.

Banufe ya kwanta a ƙasa don dariya. Biyu suka tashi suna kwaikwayon daka da sandar dattijo. Ni ma na yi dariyar, amma kunya kamar na nutse, kuma na riga na sallama.

Dattijo ya bari suka gama. Ya karɓi sandarsa ya ce, "Wa ya koya maka ita?"

Na ce, "Ba wanda ya koya min, Baba. Ina goye a bayan uwata na ji ta."

Babu wanda ya ƙara dariya. Duk cikinmu ba mai labarin inda tasa uwar take.

Dattijo ya share mai daga yatsunsa ya ce, "Sauran ka ajiye su, na aro ne. Wannan ce taka. Gobe kai ne a gaba, kuma da ita za ka ɗaga kaya."