Askin 'Yar Autar Direban Jakada

Direban nan Don Froilán Limachi ya tsufa ne a bayan sitiyarin motar ofishin jakadancin wata ƙasar Turai a La Paz. Jakadu sun zo sun tafi a kan idonsa. Kowannensu a filin jirgin El Alto yake ɗauko shi, yana haki kamar wanda aka koro, don iskar can sama ba ta ƙosar da baƙo. Sai ya miƙa masa shayin ganyen koka, ya gangara da shi gari a hankali. Kafin mako ya zagayo, mutumin da ya kasa ɗaga jakarsa ya fara jawabi a kan yadda ƙasarsa za ta ɗaga Bolivia.

In aka tambaye shi aikin ofishin, ba ya dogon bayani. A karɓo matasan ƙasarsu daga hannun 'yan sanda in sun yi tatil, a sake fasfo ga wanda ya yar da nasa, a je ƙauye a buɗe famfo a yi hoto, a dawo a rubuta gida cewa zumuncin ƙasashen biyu ya ƙara danƙo. Sauran liyafa ce. Bai raina aikin ba, da shi ya yi wa gidansa rufin kwano, da shi yara suka yi makaranta.

Ana nan sai umarni ya zo daga gida cewa a rage ma'aikata. Direbobi biyu ne, ɗaya zai tafi. Abokin aikin Froilán shi ne Wálter, ƙaramin mutum mai jin Turanci, wanda ke fara dariya tun jakada bai ƙarasa barkwancinsa ba. Froilán kuwa furfura ta cika kai, fansho da saura, kuma babu mai ɗaukar sabon direba da furfura. Shi dai ya dogara da aikinsa, tunda motar nan ko ƙwarzane bai taɓa jawo mata ba. Matarsa Doña Basilia, mai sayar da dankali a kasuwar El Alto, ta ce mota ba ta magana, ba ita za a tambaya ba.

"Kai tsoho, ka ƙare rayuwarka kana buɗe wa mutanen nan ƙofa, ba ka taɓa sa ɗayansu ya shigo taka ba. Ga Noemí nan ba a yi mata askin fari ba. Je ka roƙi jakadan ya riƙe almakashi."

Noemí ita ce autarsu, wadda ta zo bayan sun fid da rai. Kowa ya sani, wanda ya fara sa almakashi a gashin yaro ya zama ubansa na biyu, shi da iyayen kuma sun zama kompadire, wato 'yan'uwa, har kabari. Ba a taɓa jin kompadire ya bar kompadirensa ya rasa abinci ba.

Froilán ya yi ta jan ƙafa, daga ƙarshe ya furta maganar suna cikin cunkoso, idonsa a kan titi. Jakadan dogo ne mai kirki, mai son yafa bargon ƙauye in za a yi hoto. Ya amsa nan take. Ya ce irin wannan shi ne ainihin aikin jakada.

Ranar Lahadi Froilán ya tuƙo babban baƙonsa zuwa gidansa, ya buɗe masa ƙofar mota, sannan ya zagaya da sauri ya canja kwat ya tarbe shi a matsayin mai gida. Aka zuba wa jakada yankakkun takardu masu launi a ka, ya sha miyar gyaɗa har ya nemi ƙari, ya ci gasasshen rago. Ya yanke tukkun farko, yarinya tana tsala ihu. Ya rungume Froilán a gaban unguwa duka ya kira shi kompadire. Washegari hoton ya hau shafin ofishin, aka kuma aika shi gida a matsayin shaidar kusanci da talakawa.

Maƙwabta suka yi ta yi wa Basilia barka. Wálter ya fara cigiyar aiki a kamfanonin yawon buɗe ido. Da suka haɗu wurin wankin mota ya ce, "Don Froi, ashe da almakashi ake riƙe sitiyari. Da ka faɗa mini da wuri, ai da na haihu."

Ba a daɗe ba aka kira Froilán sama. Jakada ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya yi masa bayani dalla-dalla. A ƙasarsu doka ta hana ma'aikaci ya riƙe ɗan'uwansa a ƙarƙashinsa. Shi kuma mutum ne mai gaskiya, don haka da kansa ya sanar da gida cewa direban nan yanzu danginsa ne. Gida suka duba hoton, suka yaba ƙwarai, suka ce to an huta da zaɓe.

"Kompadire, da bare ne kai, kai zan riƙe. Ka fi shi iya tuƙi nesa ba kusa ba."

Froilán ya juya hularsa a hannu. "Ranka ya daɗe, to a bar zumuncin mana. Gashi ne, ai zai sake tsirowa."

Jakada ya dafe ƙirji. Ya ce ya karanta a kan al'adar nan sosai, ya san ba a warware ta, kuma ba shi ne baƙon da zai zo ya wulaƙanta al'adar mutane ba. Aka yi wa Froilán walimar ban kwana da kek, jakada ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan amana. Froilán ya ajiye makulli ya hau motar haya zuwa gida.

Yanzu ƙaramar bas ɗin ƙanin Basilia yake ja, daga tashar Ceja ta El Alto zuwa cikin gari, yana ciniki da fasinjojin da ba su san an taɓa rufe ƙofa a hankali ba. Jakada kuwa bai ci amanar zumunci ba, a nan kam ba a yi masa ƙarya. Yana zuwa a kai a kai ranar Lahadi, da 'yar tsana a hannu, ya ɗauki Noemí ya tambayi lafiyar kowa. Kompadire kuma ba a tarbarsa da dankali tsura.

Wata ranar Asabar Basilia ta ce masa baƙonsu ya aiko, gobe yana tafe da abokai biyu daga gida, suna so su ga yadda mutanen ƙasa ke zaune. Froilán ya ɗauki makullin bas, ya ce ta gaya wa mahauci ya ajiye cinyar rago, zai ƙara zagaye kafin ya tashi don ya haɗa kuɗin.