Takalma a Bakin Ƙofa

Shagona na farko a Zangon Kumasi, Baba ne ya gina mini shi, da hannunsa ma ya auna ƙofar. Shi mai masauki ne, fataken goro a gidanmu suke sauka, bai taɓa sayar da ko allura ba. Da ya tashi gina shago, abin da ya sani shi ya gina, wato zaure. Bango mai kauri, ba taga, ƙofa 'yar tsukuku sai ka sunkuya. Ya sa malaminsa ya rubuta addu'a a allo aka kafa a saman ƙofar. Ni kuma na jera atamfa da duwatsun wuya da tasoshi da turare a cikin wannan duhu.

Da, ayari nake bi zuwa arewa, har kurkunu ya lalata mini ƙafar hagu. Ga matata da cikin fari. Ranar da Baba ya miƙa mini makulli ya ce, "Ga ɗaki nan. In kakar koko ta wuce kaya ba su motsa ba, zan mayar da shi masaukin baƙi, kai kuma ka koma ayari." Baba ba ya magana biyu. Ni kuwa na san ƙafar nan ko Salaga ba za ta kai ni ba, a hanya za a binne ni.

Kakar koko ta zo. Tonawa, 'yan ƙasar masu gonakin koko, suka samu abin hannu, matansu suna gangarowa daga wajen Manhyia zuwa kasuwa, ta gaban ƙofata suke wucewa garke-garke. Wallahi ko leƙowa babu mai yi. Abin da ya fi ƙona mini rai, suna tafe suna shewa, da sun zo daidai shagona sai su yi tsit, su ƙara sauri. Na zargi maƙwabta da sammu, na yi turare, na sha rubutu har cikina ya ƙulle. Masu shigowa dai su ne Baba da abokansa dattawa. Sun samu ɗaki mai sanyi, kullum da hantsi za su zo su tuɓe takalma a bakin ƙofa, su jera butocinsu, su shimfiɗa buzu su ja carbi.

Akwai wata tsohuwa Batoniya da ta daɗe tana kawo wa Baba goro daga ƙauyensu. Wata rana na ji tana kirana daga tsallaken kwata.

"Kramo! Kramo!" Haka suke kiran kowane Musulmi.

Na leƙo na kira ta uwa da harshensu, na ce, "Maame, ki shigo mana."

Ta girgiza kai. Ta ce an gaya mata ina da turare, in fito mata da shi.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Maame, kura ce a ciki? Ki shigo ki zaɓa da kanki!"

Ta dube ni kamar na zage ta. Ta nuna takalman da baki, ta nuna butocin, ta nuna allon. Ta ce da Hausarta ta Tonawa, "Ni ba ya shiga ɗakin sallarku." Ta ce a wurinsu ba a tuɓe takalmi sai gaban sarki ko wurin bauta. Ita da kanta ta ja kunnen 'ya'yanta mata su rage murya in sun zo nan, kada su ɓata wa masu ibada rai.

Ashe duk watannin nan girmama ni ake yi, girmamawar da za ta kai ni kabari.

Da la'asar na samu Baba shi kaɗai. Na durƙusa. Na faɗa masa abin da tsohuwar ta ce, na ce a fasa bangon gaba a yi ƙofa mai faɗi mai marufan katako irin na shagunan Kwarori, Larabawan nan 'yan kasuwa, a rataya atamfa inda ido zai gani, a cire allon, takalma da butoci kuma su koma cikin gida.

Ya ce, "Wato mu ne muka tare maka arziki."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Ka baje dukiya a titi kowane ido ya ci? Ka sauke sunan Allah don matan kasuwa su shigo da takalmi inda nake nafila?"

Ya tashi ya shige gida.

Daga ranar bai ƙara ɗaga mini maganar ba, gaisuwata ma da ka yake amsawa. Fatake kuwa sun fara ɗaure goro a tsakar gida, madugunsu har ya tambaye ni ko ƙafa ta yi dama. Matata ta daina cin abinci sosai. In na shigo sai ta dubi fuskata, ta sunkuyar da kai, ba ta tambaya. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushin Baba, haushin da ban isa in nuna ba.

Wata safiya dattawan suka taru kamar kullum, amma Baba bai shigo ba. Na leƙa sai na hango shi a tsallaken kwata, daidai inda tsohuwar ta tsaya, ya dogara sanda yana kallon shagon. Ya daɗe a nan. Ayarin mata ya zo da hayaniya, suka yi tsit, suka wuce. Bayansu wani dattijon Batone ya zo, da ya kai ƙofar sai ya zame mayafinsa daga kafaɗa kamar yadda suke yi wa manya, ya rusuna, ya wuce. Baba yana gani.

Ya tsallako a hankali. Bai dube ni ba. Ya miƙa hannu ya cire allon da kansa, ya goge shi da hannun riga, ya sa a hammata. Ya ɗauki butarsa. Ya ce wa abokansa, "Ku taso mu koma ciki." Sai da suka gama neman takalmansu ya juyo ya ce mini, "Fasa."

Aka fasa. Haske ya shiga, atamfa ta fito da launinta, tun magini bai gama gyara gefen ƙofa ba mata suka fara tsayawa suna taɓawa. Suka shigo da takalmansu da surutunsu. Ayarin fatake ya tashi ba da ni ba, a gabana aka haifi ɗana.

Amma Baba bai ƙara taka cikin shagon ba har ya bar duniya. In yana nemana, sai ya tsaya a tsallaken kwata ya yi sallama, ya jira in fito.