Ranar da Layin Manaja Ya Juya

Har yau Inna, mahaifiyata, ba ta iya ce masa Onarabul ba. Manaja take ce masa, sunan da ya samo tun yana aikin banki a Gummi, kafin mutanenmu su tura shi majalisa Abuja. Da layi aka san shi. An ce ko mahaifiyarsa ta je banki sai ta bi layi, iyaka ya sa a kawo mata kujera. Siyasa ba ta raba shi da halin ba. In ya zo gida, hakimi da mai tallan fura layi ɗaya suke bi a ƙofarsa.

Ɗan yayata ne ya fara jijjiga, bai daɗe da yaye ba. Ubansa a tsakar gida yake niƙa dutsen zinari, gubar dalma ta shiga jikin yaron. Maganinta sai asibitin Anka, kuma babu direban da ya yarda ya bi hanyar, don 'yan bindiga sun tare ta da safe. Yayata tana jegon ƙaninsa, sai ni na goya shi. A kan babur muka jiyo harbi a bayanmu kafin mu iso Bukkuyum, inda Manaja ya sauka, don mu nemi taimakonsa.

Na iske layi har bakin titi. Na tsaya a ƙarshe, don na san dokarsa. Yaron yana sandarewa a bayana. Tsohuwar da ke gabana ce ta waiwayo ta saki salati.

Sai na ga Manaja ya taso, yana wuce mutane, har ya tsaya gabana.

“Ɗiyata, mi ya same shi?”

Wani babban ɗan jam'iyya ya ɗaga murya: “Ranka shi daɗe, tun hantsi nike nan! Ina layin?”

“Layin na nan, Alhaji. Yau daga baya za ya fara.”

A motarsa aka kai mu, da masu tsaronsa. Shi ya rungume yaron har Anka.

Yaron ya tashi, sai dai magana tana yi masa nauyi. Ni ma ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi.

Da na ba Inna labari, ta share ido da bakin zane.

“Ai bai tsallake layi ba,” in ji ta. “Juya shi ya yi.”