Famfon da Muka Kai Kotu a Yamai

Daga Galmi

Warin albasa ne ya raka mu har cikin mota, tun ba a kira assalatu ba. Ni da Baba ne, sai famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, naɗe a buhu, duk laka. Wani ɗan kasuwar Yamai, Alhaji Mamman, ya sayar wa ƙungiyar manoman da Baba ke shugabanta, bisa yarjejeniyar cewa ƙirar Jamus ne. Albasa ba ta ko yi kai ba famfon ya ƙone. Baba ya kai ƙara kotun kasuwanci, don in ba a sauya famfon ba, garakun mutane sun bushe ke nan. Ni kuwa an ɗauko ni saboda ina jin Faransanci.

A shingen Dogon Dutsi wani jandarma ya taɓa buhun da ƙafa.

"Tsoho, mene ne wannan?"

"Gawa ce, ɗana. Shaida za ta bayar."

Ya yi dariya ya bar mu. A Doso muka ci dambun zogale, ina ta kallon shanu suna tafiya kamar ba su da wata damuwa a duniya.

Banifandu

Da la'asar muka shiga Yamai. Muka sauka a unguwar Banifandu, gidan Hajiya Rabi, matar wani marigayi ɗan garinmu, inda duk mutumin Galmi ke sauka. Gidan na ƙamshin wani turaren wuta mai sanyi, kamar ƙasa bayan ruwan farko. Ta leƙa buhun, ta riƙe baki.

"Malam Idi, da wannan ƙazantar za ka tsaya gaban alƙali? A ce mutanenmu ba su san girman manya ba?"

Kunya ta kama Baba. Washegari Hajiya ta aike ni kasuwar Petit Marché sayen kifi da tattasai. Ko da na dawo, famfo na ƙyalli a rana, an dirje shi da toka da soson ƙarfe. Tambarin da aka manna masa ya bi ruwan wanki.

Kotu

A bakin ƙofa lauyarmu, Madam Hadiza, ta buɗe buhun. Ta dafe kai.

"Baba, ina tambarin? Na jabu ne, shi ne fa shaidarmu!"

"Wanke shi muka yi, 'yata, don girmamawa."

A ciki, kallo ɗaya Alhaji Mamman ya yi wa famfon.

"Ranka ya daɗe, nawa da tambarinsa na ba su. Wannan ban san shi ba."

Na juya na fassara wa Baba abin da aka ce. An ɗage zama, amma fuskar Madam Hadiza ta riga ta gaya mini hukuncin. Da Alhaji ya gifta, babbar rigarsa ta bar wani ƙamshi da na sani, na rasa inda na san shi.

Komawa

Muka iso gida lafiya, muka gode wa Allah. Daga baya aka kori ƙarar, garaku suka bushe. Duk da haka Baba ya aika wa Hajiya buhun albasa na saye, tukuicin masauki.

Sai bayan na yi aure, a wani taron suna, na ji cewa Hajiya Rabi yayar Alhaji Mamman ce, ciki ɗaya. A gidanta ake turara masa riguna.