Gishirin Kaka a Kan Talabijin

Jiya ina neman ƙusa a tsohon akwati sai hannuna ya faɗa kan wani gwangwanin madara mai tsatsa. Na buɗe, ga allurai sun dunƙule kamar bushiya a jikin wani baƙin ƙarfe zagayayye. Mayen ƙarfena ne. Sai da na nemi wuri na zauna.

Mai karatu, in ba ka yi yarinta a Ƙofa ba, ba za ka san darajar wannan abu ba. Daga lasifikar matacciyar rediyo na ɓamɓaro shi, kuma a shekarar nan ko dagaci bai fi ni mabiya ba. In na ja shi cikin yashi, da gemu yake fitowa. Kaka, mahaifiyar babanmu, ita ta fi kowa nemana, don idonta ya yi rauni, kullum allura sai ta faɗi. "Angona, kawo mayenka," take cewa. Ladana ƙuli-ƙuli biyu.

Talabijin ɗin gidanmu ɗan ƙarami ne, fari da baƙi, da batirin mota yake aiki. Wata rana bayan la'asar na kusantar da mayen jikin gilashin, sai kan mai karanta labarai ya lanƙwashe kamar ludayi. Na janye, ya miƙe, ko tari bai yi ba. Kaka ta yi dariya har goro ya shaƙe ta. Daga ranar, duk wanda ya fito ya cika mata surutu sai ta ce in ja masa kunne. Na ja kunnen manya da yawa a ƙasar nan, ba su sani ba.

Cikin damina Baffa, yayan babanmu, ya dawo daga aikin Hajji da talabijin mai kala da ɗan janareta. Gidan yana ƙamshin turaren Makka da gasasshiyar masara. Baffa ya kafa doka: wanda ya taɓa gilashin nan, shi da fatar bayansa sun yi sallama. Ya kuma gayyaci dattawan unguwa su zo kallo ranar Juma'a.

Ranar Talata maza suka fita la'asar suka bar shi a kunne. Wani mai babbar riga yana ta jawabi. Kaka ta leƙa ƙofa, ta ce, "Angona, wannan ma a ja masa."

Na ja. Fuskarsa ta koma shuɗiya, rigarsa koriya, bangon bayansa ruwan makuba. Na janye mayen, kalar ta ƙi tashi. Na goga da rigata, na tofa yawu, na karanta duk surar da na iya har da wadda ban gama haddacewa ba. Rabin gilashin ya zama kamar marina.

Kaka ta karɓe mayen ta cusa a lalitarta.

Da Baffa ya shigo, hularsa ma sai da ta karkace. Ya ce wa ya taɓa? Idonsa a kaina, hannunsa na laluben dorina. Kaka ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Alhaji, kala ce ta zuba. Ka taɓa ganin sabuwar atamfar da ba ta zuba a damina? Ku maza ba ku san kaya ba. A kashe shi, a kawo min gishiri."

Wa zai musa wa uwa a gaban yara? Aka cika kwanon sha da gishiri aka ɗora a kan talabijin, yadda mata ke zuba shi a ruwan wanki don rini ya kama. Washegari aka kunna, ya yi wani "ɓum", kalar ta ragu. Alhamis saura kusurwa ɗaya. Juma'a dattawa suka zo suka tarar da fuskar kowa tas. Baffa da kansa ya yi musu bayanin gishirin, kuma kafin lokacin girbi ya kama, na rantse ko gidan da ba su da talabijin sun ɗora gishiri a kan rediyo.

Sai da na girma wani mai gyara a Bebeji ya ce min irin waɗannan akwai waya a zagaye da gilashinsu, ita ke wanke tabon duk lokacin da aka kunna su bayan sun huce. Na ce masa ƙarya ne, gishiri ne.

Kaka ba ta taɓa mayar min da mayen ba. Bayan rasuwarta aka miƙo min gwangwanin allurarta, ban iya buɗewa ba sai jiya.

Na ɗauke shi na nufi falo. Talabijin ɗina na yanzu siriri ne kamar faranti, manne da bango. Wani yana ta jawabi. Na leƙa ƙofa kamar yadda ta yi, na manna mayen a kunnensa. Ko gezau. Na zagaya gilashin kaf, ba shuɗi, ba kore, ba abin da ya motsa.

Uwargida ta shigo ta tarar da ni tsaye, ta ce, "Lafiya, Malam? Lalacewa ya yi?"

Na ce, "Ina fa. Ai damuwar ke nan, ba ya lalacewa."

Duk da haka na ce ta miƙo min gishiri. Sai da na karɓa na ga ko wurin ɗora kwanon babu.