Tarapada Mai Gyaran Laima da Fim ɗin Jan Littafi

Tarapada Ghorui gyaran laima yake yi a bakin kasuwar Shyambazar, a Kolkata, tun kafin mu tare a layinsu. Mutum ne marar yawan magana. Da damina aiki ba ya barinsa ya ɗaga kai, da rani kuwa sai ya zauna a rumfarsa yana karanta littattafan masu binciken kisa. Cikinsu akwai guda da ya fi so, mai jan bango, labarin wani attajiri da aka zuba wa guba a madara. An yi ta zargin mutanen gidan, daga ƙarshe ta tabbata likitansa ne ya kashe shi.

Matarsa Malati ba ta ganin ƙananan haruffa, don haka shi yake karanta mata bayan abincin rana. Ta ji littafin sau ba adadi, ba ta taɓa yarda da ƙarshensa ba. A wurinta mai girkin gidan ce ta yi kisan, marubucin ne kawai bai san yadda madara ke fita daga kicin ba. Tarapada yakan ce mata ba a gardama da abin da aka riga aka buga.

A shekarar da ’yarsu Jhuma ta yi aure, jarida ta ce za a mai da littafin fim. Daga ranar bakin Tarapada ya buɗe. A teburin Gobindo mai shayi yakan tsara wa mutane yadda mai binciken zai fito: gajere, mai yawan tari, riƙe da tsohuwar laima.

"Yaya Tarapada, ko kai za su ɗauka ne?" in ji Gobindo. "Tarin dai kana da shi, laima kuma sai ka zaɓa."

Da aka manna hotunan fim ɗin a bango, sai ga mai binciken wani dogo kyakkyawa da baƙin tabarau, bindiga a hannu. Tarapada ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce ba komai ake sawa a hoto ba. An ce fim zai fito a bikin Puja, aka ɗaga zuwa sanyi, aka sake ɗagawa. Shi dai bai gaji ba. Ya daina faɗa wa masu kawo gyara ƙarshen labarin don kada ya ɓata musu kallo, ya kuma ja wa Malati kunne ta kama bakinta.

Ran da aka fara nunawa suka tafi kallon rana. Ya sa fararen kayansa na biki, ita kuma ta riƙo guggurun shinkafa a ƙunshin takarda. Mai girkin na fitowa a allo, Malati ta taɓa matar da ke gefenta ta ce ta sa wa wannan ido. Tarapada ya ce likita ne, ta daina ruɗar da mutane. Muryarsa ta ɗan yi ƙarfi, ’yan baya suka yi tsaki.

A ƙarshen fim ɗin, mai girkin ’yan sanda suka sa wa ankwa. Likitan ma shi ya taimaka aka kama ta.

Malati ba ta yi dariya ba. Sai da suka fito titi ta ce, "Baban Jhuma, ka ga masu fim ɗin nan sun san kicin."

"Ba su karanta littafin ba."

"Ko kuma sun karanta shi a hankali."

Abin da ya fi damun Tarapada daga baya shi ne mutanen unguwa. Yawancinsu fim ɗin kawai suka gani, in ya ce likita ne sai su gyara masa, wasu har da tausayi, suna ganin tsufa ne ya fara taɓa shi. Ya daina zancen a teburin shayi, bai kuma sake shiga silima ba. Malati ta koma ta sake kallo tare da matan layinmu.

Bayan wasu shekaru laimomi masu araha suka cika gari, wanda tasa ta karye sai ya yar ya sayi wata. Tarapada ya rufe rumfa, suka koma gidan Jhuma a Barasat. Na gan shi a can bara, zaune a baranda yana ɗinke jakar makarantar jikarsa. Ya tambaye ni ko Gobindo yana nan, na ce ɗansa ne ke riƙe da teburin yanzu. Ya ce shayin ɗan ba zai kai na uban ba, ya ci gaba da ɗinki.